Fuskar Waya a Mizanin Mutanen Dallol

Duk wanda Allah ya nufe shi da bin hanyar nan da ta tashi daga Yamai ta miƙe arewa maso gabas, ta ratsa Baleyara, ta keta ƙasar Tondikandiya, ta gifta Bonkuku, kana ta sauke shi a Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai, bayan tafiyar kilomita kamar 180, in dai ma'abocin lura ne, zai shaida cewa a cikin kwarin nan na Dallol Boso, inda Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani suka haɗa rijiya da kasuwa tun kaka da kakanni, babu wani baƙon abu da ya sami gindin zama a hannun jama'a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kamar wayar salula. A shekarar 2001 aka fara kafa hanyoyinta a Nijar, ba a kuwa daɗe ba fa'idarta ta bayyana ga kowa, har wata malamar jami'a ta Amurka mai suna Jenny Aker, wadda ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta tabbatar da cewa zuwan salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin fatake sun bar ɗora kaya a kan jita-jita, sai sun ji kuɗin buhu daga bakin ɗan'uwansu da ke can tukuna.

To, wayar da ta yi wannan gagarumin aiki fuskarta ba ta fi faɗin yatsu biyu ba. Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, ɗigo 96 ne a kwancen fuskarta, 65 a tsaye, ba launi, ba hoto, sai lamba da harafi, amma takan kwana da kwanaki ba ta nemi caji ba, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa yana tambayar mai kanti wace irin fuska gare ta. Yau kuwa, in ka zauna a fada da la'asar sakaliya ana dafa shayi, za ka ji samari suna musu a kan wayar wane AMOLED ce, ta wane kuwa LCD, wannan tana da 120, waccan 60, kowa yana kafa hujja da abin da ya gani rubuce a jikin kwali. Mas'alar da nake son mu warware ita ce: mene ne haƙiƙanin bambancin waɗannan fuskoki, kuma shin kyan fuska ya isa ya zama dalilin da mutumin Tondikandiya ko na Filinge zai rabu da wayarsa mai aiki, ya fid da kuɗin akuya ko na buhun hatsi ya sayi wata?

Tun shekaru dubu da suka shige, Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a cikin littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya wallafa tsakanin 1011 da 1021, cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abin da ake duba ya shiga ido, saɓanin zaton wasu hukama'un Yunan da suka ce ido ne ke fitar da haske. A kan wannan asali aka gina kowace fuskar waya, domin aikinta guda ne tak, ta aiko da haske cikin ido a tsare. An rarraba ta zuwa ɗige-ɗige ƙanana waɗanda ido ba ya iya rarrabe su, kowane ɗigo kuma an kasa shi uku, ja da kore da shuɗi, waɗanda daga cuɗanyarsu ne sauran launuka duka ke fitowa. Wayar talaka ta yau tana da ɗigo 720 a faɗi, 1600 a tsawo, wato sama da miliyan 1 ke nan. Ta mai hali kuwa 1080 da 2400, ko fiye. Inda masana'antu suka rabu gida biyu shi ne a kan inda hasken zai fito.

Gida na farko shi ne na LCD, kuma shi ne dattijo. Asalinsa daga wani masanin tsirrai ne, Friedrich Reinitzer, wanda a 1888 a birnin Prag ya ci karo da wani sinadari mai hali biyu, yana kwarara kamar ruwa alhali ƙwayoyinsa suna jere a tsare. Sai a 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna cewa ana iya yin allon rubutu da shi. Wannan sinadari ba ya ba da haske ko kaɗan, iyakarsa ya buɗe hanya ko ya toshe ta gwargwadon wutar da aka sa masa. Misalinsa kamar fitila ce aka kunna a cikin ɗaki aka saki asabari a bakin ƙofa, mai gida yana ɗaga wani sashe yana sauke wani: fitilar tana cin mai ko an ɗaga ko an sauke, kuma ko yaya aka sauke sai ɗan haske ya tsiyayo ta tsakanin tsinkaye. Saboda haka ne baƙin LCD ba ya cika baƙi, yakan yi toka-toka in an dube shi cikin duhu; saboda haka ne kuma fitilar da ke bayanta take aiki tuƙuru, domin hasken da ke tsira ya iso ido bayan ya ratsa matatai da launuka bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

A cikin gidan LCD ɗin ma akwai mai daraja da marar daraja, kuma wannan bambanci ya fi shafar mutanenmu bisa ga yadda 'yan kasuwa ke zato. Tsohon samfuri, wanda har yanzu akan same shi a wayoyi mafiya araha, ba ya nuna gaskiyar launi sai ga wanda ya fuskance shi sosai. Da ka karkata shi kaɗan sai hoto ya dushe, fari ya koma ruwan ƙasa, fuskar mutum ta yi duhu. Samfurin IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fitar a 1996, shi ya yi maganin wannan illa. A ƙasashen da kowa ke riƙe da tasa wayar shi kaɗai, ƙila wannan ƙaramin al'amari ne, amma a wurinmu, inda mutum shida ko bakwai kan haɗa kai a kan waya ɗaya lokacin gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka soma a Tawa tun 1975, ko matan gida su kewaye ta da dare suna kallon wasan Hausa na Kano, wanda ke zaune a gefe shi ma yana da haƙƙin ya ga abin da na tsakiya ke gani.

Gida na biyu shi ne na OLED, wanda mutum biyu, Ching Tang da Steven Van Slyke, suka aza harsashinsa a kamfanin Kodak a 1987, kuma AMOLED da ake gani a kwali reshensa ne da ake sa wa wayoyi. A nan babu fitila a baya sam, kowane ɗigo da kansa yake ba da haskensa, in an bukaci baƙi sai ya mutu ɗungum, don haka baƙinsa baƙi ƙirin ne, launinsa ya fi fitowa, jikinsa ya fi sirantaka, har yana lanƙwasuwa, wanda shi ya ba da damar ƙera wayoyi masu naɗewa irin wadda Samsung ya fitar a 2019. Samsung ɗin ne ya yayata shi tun daga Galaxy S ta 2010, kamfanin Apple bai sa shi a wayoyinsa ba sai a iPhone X ta 2017, yau kuwa masana'antun Koriya ta Kudu da na Sin, irin su LG da BOE, sun yawaita shi har ya gangaro wayoyin matsakaita. Wanda ya ce wannan fuska ba ta fi kyau ba bai yi adalci ba. Amma tana da nata aibu: sinadarinta yana tsufa da aiki, shuɗin cikinsa ya fi saurin gajiya, zafi yana gaggauta tsufan, har ta kai alamar da ta daɗe a wuri ɗaya, kamar ta agogo ko ta batir, takan bar inuwarta har abada, wasu mutane kuma idonsu kan gaji da ita da dare, domin tana rage haske ne ta hanyar ƙyaftawa da sauri.

Game da sauran lambobin da ake ƙawata kwali da su, magana ba ta da tsawo. Lafiyayyen ido, in an riƙe waya a nisan santimita 30, ba ya rarrabe ɗige-ɗige idan sun kai kimanin 300 a inci guda. Fuskar 720 mai inci 6.5 tana da kamar 270, ta 1080 kuwa kamar 400, wato ta farkon ta kusa iyakar ido, ta biyun ta wuce ta. Wanda ya haura shekara 40, idonsa ya fara neman nesanta rubutu, bambancin nan ya ƙara ɓace masa. Ban da haka, hoton da ya zo ta WhatsApp an riga an matse shi an rage nauyinsa tun a hanya, bidiyon da aka kalla da raunanan layi kuma a ƙaramin mataki yake zuwa, babu fuskar da za ta mayar masa da abin da aka zubar. Haka lambar 60 da 90 da 120, wadda ke nufin sau nawa fuska ke sabunta hoto a sakan guda: tana sa jan rubutu da yatsa ya yi santsi, tana amfanar mai wasannin waya, amma yawancin finafinai hoto 24 zuwa 30 ne a sakan, ba su ƙaruwa da kome, batir ne dai ke biyan kuɗin santsin.

Abin da ya cancanci a daɗe a kansa shi ne rana, domin ita ce alƙalin farko a ƙasar Dallol. Wanda ya tsaya a kasuwar dabbobi ta Baleyara ranar Lahadi da hantsi, dillali ya miƙo masa waya don ya ga lambar mai sa ko saƙon kuɗin da aka turo ta Nita ko Al Izza, ya san yadda mutum kan dunƙule tafin hannu ya yi wa fuskar rumfa, ya juya wa rana baya, ya sunkuya har ya kusa cusa kai cikin riga, duk don ya karanta lamba takwas. Ƙarfin hasken fuska da ma'aunin nit ake auna shi. Wayoyi masu araha kan tsaya a 400 zuwa 500, wanda ya wadatar a cikin ɗaki ko ƙarƙashin gawo, amma ya gaza a fili. Manyan wayoyi sun zarce 1000, har iPhone 14 Pro ta 2022 an ce tana kai 2000 a waje. Sai dai akwai sharaɗin da ba a rubuta shi da manyan haruffa: wannan ƙololuwar haske ta ɗan lokaci ce, da waya ta ɗumama sai ta rage shi da kanta don kare batir da kayan cikinta. Kamfanin Apple da kansa ya ƙayyade cewa a yi aiki da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Filinge yakan haura 40 a inuwa. Ma'ana, a daidai lokacin da mutum ya fi bukatar hasken, a nan ne wayar ke janye shi, mai tsada da mai araha duka, illa dai mai tsadar tana farawa daga sama.

Bayan rana sai yashi, wanda ɓarnarsa a ɓoye take. Mutane da yawa suna tsoron makulli ko tsabar kuɗi su karce musu gilashi, alhali waɗannan sun fi gilashi taushi. Maƙiyinsa na haƙiƙa shi ne ƙwayar rairayi, wadda a ma'aunin tauri na Mohs take mataki na 7, gilashin waya kuwa, har da mai ƙarfin nan na Gorilla da kamfanin Corning ke yi, yana fara karcewa daga mataki na 6. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan fuska, mutum ya sa bakin riga ya goge da ƙarfi, ya zana mata ƙananan tsage da hannunsa, waɗanda ba a ganinsu a ɗaki, amma a rana sukan watsa haske su mayar da fuskar fari fat, kuma daga irinsu ne fashewa kan soma ranar da wayar ta faɗo daga amalanke. Hure ƙurar da baki kafin gogewa, da manna gilashin kariya na 'yan daloli, sun fi tsawaita ran fuska bisa ga kowane suna da ke jikin kwali.

Alƙali na biyu shi ne caji. A ƙasar da kimanin mutum 1 cikin 5 ne kaɗai ke da wutar lantarki, kuma yawancinsu a birane, a ƙasar da ta ɗanɗana duhu a watan Agusta na 2023 sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake sha, mutumin ƙauye yana kai wayarsa ne wurin mai farantin sola ya biya a cika masa, wani lokaci sai ranar kasuwa. Fuska kuwa tana cikin manyan masu cin batir a jikin waya. A nan OLED tana da fifiko na gaskiya, amma mai sharaɗi: in an mai da shafuka baƙaƙe, kamar yadda WhatsApp ya ba da dama tun 2020, ɗige-ɗigen da suka mutu ba su cin kome, in kuwa farin shafi ne aka ƙure haskensa a rana, to cinta ya kai na LCD ko ya fi. Ita LCD baƙin shafi ba ya rage mata ci, rage hasken fitilar ne kaɗai ke yi. Saboda haka waya mai fuskar 720 da batir mai 5000 sau da yawa takan riga mai tsada kai wa gobe, don ɗige-ɗigen da take turawa ba su kai rabin na waccan ba.

Alƙali na uku, wanda hukuncinsa ya fi zafi, shi ne mai gyara. Ka tsaya a gaban teburinsa ƙarƙashin rumfa ka ga aikin: zai kashe wayar ya zare sim, ya kwantar da ita a kan faranti mai zafi har gam ɗin ya saki, ya zura ɗan siririn roba ta gefe yana bi a hankali, ya ɗaga fasasshiyar fuskar kamar da faɗin yatsa, ya sa hantsaki ya ɓalle igiyar nan mai laushi da ta haɗa ta da uwar wayar, ya jona sabuwa ya kunna ya shafa kusurwa huɗu don ya tabbatar tana jin yatsa, sa'an nan ya zizara gam, ya danne, ya ɗaure da robobi ya ajiye ta bushe, yana kare ta da tafin hannu daga ƙurar da iska ke kwasowa. Irin maganar da akan ji a wurin ita ce dattijo ya ce, "Ɗana, nawa za ta ci?" yaro ya amsa, "Baba, in ta asali kake so sai an aika Yamai, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. In mai sauƙi ce ga ta nan, amma ba za ta yi hasken ta da ba." Fuskar LCD ta wayoyin da suka yawaita tana samuwa a kusa, da kuɗin da talaka zai iya, fuskar AMOLED ta asali kuwa sai an nemo ta daga Yamai, ko Maraɗi, ko kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma sau da yawa kuɗinta kan yi kusa da na wata sabuwar waya ƙarama. Ga shi kuma in ta tsage har iska da laima suka shiga, baƙin tabo kan tsiro ya yi ta yaɗuwa har ya cinye ta.

Daga nan ne wata ɓarna ta kunno kai, wadda ba zan iya wuce ta ban yi magana ba. Akan ɗauki waya ta hannu wadda asalinta AMOLED ce, a sa mata fuskar LCD ta kwaikwayo, a goge ta, a sayar wa bawan Allah da sunan ta asali da kuɗin ta asali. Wannan algus ne tsantsa, kuma duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa ɓoye aibin haja haramun ne, ya san kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sa fuskar kwaikwayo halal ne, rahama ce ma ga marar hali, matuƙar an faɗa. Zunubin yana cikin shirun. Mai saye yana da hanyar ganewa: ya buɗe baƙin hoto ya shiga da wayar cikin duhu, in baƙin yana fitar da ɗan haske to LCD ce, ya duba ko fuskar ta ɗan taso sama da gefen wayar, ko baƙin layin ƙasa ya yi kauri, in kuma irin wayar nan ce mai karanta zanen yatsa ta cikin gilashi, ya gwada, domin wannan ba ya aiki da fuskar LCD.

In muka koma ga tambayarmu, abin da na fahimta daga zama da mutane shi ne fuska tana sa a sake waya ƙwarai, amma ta hanyar mutuwarta, da wuya ta hanyar kyanta. Mutum yakan yi wata da watanni yana lallaɓa fasasshen gilashi, har sai ranar da wani sashe ya daina jin yatsa ya kasa amsa kira. Bayan wannan sai batir da ya kumbura don zafi, sai ma'ajiyar da ta cika da saƙonnin murya da wa'azi da hotunan biki, sai kuma hukuncin da ke zuwa daga nesa, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a watan Oktoba na 2023, lafiyayyun wayoyi suka zama ba su da amfani ga masu su. Akwai kuma hanyar 'yan cin rani: saurayi ya dawo daga Akara ko Abijan ko Kwatano ko Legas gab da damina da sabuwar waya, ya ba ƙanensa tsohuwar, ƙanen ya ba mahaifiya tasa, ta haka waya ɗaya takan sauya wa gida guda hannu uku ba wanda ya tambayi irin fuskarta. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, wanda ya faro a 2006, ya fahimci wannan tun da wuri, ya zuba ƙarfinsa a kan sim biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata, da farashi mai sauƙi, da haka ya mallaki fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a Afirka, alhali mafi yawan abin da ya sayar LCD ce.

Ko a ƙasashen masu wadata ma labarin bai sha bamban sosai ba. A 2016 an fitar da manyan wayoyi kusan biliyan 1.47 a duniya, a 2023 kuwa adadin ya sauko zuwa kimanin biliyan 1.17, alhali a tsakanin waɗannan shekaru ne fuskoki suka yi ci gaban da ba su taɓa yi ba, OLED ta yawaita, 120 ta zama ruwan dare, masu naɗewa suka fito. Da kyan fuska ne ke jan mutane, da cinikin ya hau.

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus, mai littafin Muwafaƙat, wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslahar ɗan Adam mataki uku: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, bukata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa, wadda ke ƙara daɗi. Wannan rabo ya dace da mas'alarmu, da sharaɗin a yi wa kowane mutum nasa hukunci, domin abin da yake ƙawa ga wani bukata ce ga wani. Tashi daga ƙaramar waya mai maɓallai zuwa babbar fuska, ga wanda bai yi boko ba, wanda da hoton fuskar ɗansa yake gane lambarsa, da alamar makirfo yake aika saƙo, wannan bukata ce babba, a shekarun nan da rashin tsaro ya sa tafiye-tafiye suka yi wuya a jihar Tilaberi ma ta kusa zama larura. Haka dattijon da ke bitar Alƙur'ani da ruwayar Warshu a waya, wanda ke son wasulla da ɗige-ɗigen haruffa su fito sarai, faɗin fuska da girman rubutu haƙƙinsa ne. Haka mai sayar da atamfa da shadda ta hoto, sai dai ita gaskiyar launi take bukata, kuma ya kamata ta sani cewa wayoyin AMOLED da yawa sukan zo da launi a ƙure, ja ya fi na zanen ja, shuɗi ya fi shuɗi, har mai saye ya ga kaya a hannu ya ce ba su ba ne. Akwai wurin mai da launin daidai a cikin saitin wayar. Haka makiyayin da zai aika hoton bijimin Azawak, irin wanda tashar kiwo ta Tukunus ta shahara da shi, ga mai saye a Yamai, shi kyamara da hasken rana ne damuwarsa. Amma tashi daga lafiyayyar IPS zuwa AMOLED, ko daga 60 zuwa 120, ƙawa ce, halal ga mai hali, ba ta kai a ci bashi ko a taɓa rumbu dominta ba, kuma ina jin zafin ganin yaro ya sayar da tunkiyar da uwarsa ta yi masa kiwo saboda abokansa na fada sun raina wayarsa.

Wanda lokacin sayensa ya yi, ya fito da wayar daga inuwar kanti ya karanta rubutu a tsakiyar rana, ya karkata ta dama da hagu, sa'an nan, kafin ya ƙirga kuɗi, ya taka zuwa teburin mai gyara ya tambaye shi ko yana da fuskar wannan samfuri da kuma nawa take. Wannan tambaya ta ƙarshe hukumomin Turai sun mai da ita doka: Faransa ta wajabta rubuta makin sauƙin gyara a jikin wayoyi a Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yuni 2025, ta wajabta wa masu ƙera waya su tanadi kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin, su kuma manna takardar da ke nuna juriyarta ga faɗuwa da ƙura da ruwa. Mu da rana da yashi suka fi gwada wayoyinmu, mu muka fi cancantar irin wannan takarda. Hukumar ARCEP da ke kula da sadarwa a Yamai, tare da ma'aikatar kasuwanci da ƙungiyoyin masu sayar da waya, suna da ikon su fara da abu mai sauƙi: a wajabta wa duk mai sayar da waya ta hannu ya rubuta a takardar ciniki ko an taɓa sauya mata fuska, da irin wadda aka sa, a kuma ba mai saye kwanaki sanannu na mayarwa in ya tarar da saɓanin abin da aka rubuta.